Abin da Ke Ɓata Hoton Dare a Jidda

Duk wanda ya zauna a Jidda ko Makka ya san rayuwar garuruwan nan ta dare ce. Da rana zafi ya kora kowa ɗaki, titi sai motoci. Sai an idar da sallar isha'i kasuwa ke cika, a fita da yara bakin teku, a je gaisuwa, a yi walima. In azumi ya kama kuwa, dare ya zama rana ke nan har sahur. Shi ya sa mafi yawan hotunan da muke turawa gida, Kano ko Katsina ko Damagaram, na dare ne. Mafi yawansu kuma ba sa fita.

A wani azumi gwaggona ta zo Umara tare da ɗanta, taubashina. Bayan tarawihi na kai su Balad, tsohon garin Jidda, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Dogayen gidaje masu tagogin katako da ake kira rawashin, fitilu rawaya-rawaya a lunguna, masu balila, dafaffen waken nan na Larabawa, suna rera tallarsu, can gefe hayaƙin tsire yana tashi, tsiren nan namu da mutanen Hijaz suka karɓa suke ce masa siriya. Taubashin nawa ya sayi sabuwar waya a ranar, ya yi ta ɗaukar mahaifiyarsa a gaban Gidan Nasif. Da muka koma masauki ta sa tabarau, ta karɓi wayar, ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ɗan nan, ina fuskata a nan?" Ya ce, "Umma, wayar ce ba ta iya dare ba. Da muna da mai ƙafa uku da sun fita."

Na karɓa na duba. Wayar ba ta da laifi, kuma mai ƙafa ukun da yake nufi, sandar nan da ake ɗora kyamara a kai ta tsaya da kanta, da ba ta ceci ko rabin hotunan ba. Ciwo uku ne daban-daban a cikinsu, shi kuwa ya haɗa su ya ba su suna ɗaya.

Na farko rawar hannu ce. Alamarta ita ce komai na cikin hoton ya ja wutsiya waje guda. Fitilar da ya kamata ta zama ɗigo ta koma ɗan layi ko ƙugiya, bango ma haka, mutum ma haka. Na biyu motsin wanda ake ɗauka: bango ya fita tar, har sassaƙar tagar ana ƙirgawa, amma fuskar gwaggo ta shafe domin ta juya tana magana. Na uku kuskuren saiti: babu wutsiya ko ɗaya, sai dai kyamarar ta kama ƙofar da ke bayanta ta bar ta cikin hazo. Akwai abu na huɗu da mutane ke lissafawa cikin ciwo alhali shi ya fi sauƙi, wato yashi-yashin nan da ke fitowa a wuraren duhu in ka buɗe hoton sosai. Kafin ka nemi magani, ja hoton da yatsu biyu ka dubi fitila mafi ƙanƙanta a ciki. Ita za ta gaya maka wanne ne ya same ka.

Kyamara tarbar haske take yi kamar yadda ake tarbar ruwan sama. Da rana ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, kana miƙa mazubi ya cika. Da dare yayyafi ne. A yayyafi kuwa hanya biyu ce kawai ta samun ruwa: ko ka kawo mazubi mai faɗin baki, ko ka daɗe a tsaye. Faɗin bakin shi ne buɗin lensi, wanda ake rubutawa f/1.8 ko f/5.6, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Daɗewar ita ce tsawon lokacin da ƙyauren kyamara ke zama a buɗe kafin ya rufe, abin da zan riƙa kira ƙiftawa: 1/500 na sakan, 1/60, 1/8. Duk abin da ya motsa a cikin wannan ɗan lokaci, hannunka ne ko mutumin da ke gabanka, sai ya bar sawu. Da rana kyamara na ƙiftawa a 1/1000, ba abin da ke samun damar motsawa. A lungun Balad sai ta sauko 1/8 ko 1/4 don ta tara abin da zai ishe ta. Rubu'in sakan a baki ba komai ba ne. A hannun ɗan Adam, wanda jini ke bugawa a cikinsa, doguwar tafiya ce.

Sai ISO, lambar da ake ɗagawa a kyamara don hoto ya fito da haske, wanda shi aka fi yi wa mummunar fahimta. ISO ba ya ƙara ko ɗigo ɗaya na haske. Wanda ya taɓa kama tashar gajeren zango da dare a ƙauye ya san yadda abin yake: muryar tana can nesa, ka murɗa ƙara, muryar ta taso, shuuu ɗin ma ya taso tare da ita. Shuuu ɗin dama yana nan, raunin tashar ne ya sa ka ji shi. Haka yashin hoto yake. Ƙarancin hasken da aka tara ne ya haife shi, ISO fito da shi kawai ya yi. Haske ɗigo-ɗigo yake sauka ba a jere ba, kamar yayyafin da ke jiƙa nan ya tsallake can. In ka tara ninki huɗu, wannan rashin daidaito ya ragu da rabi. A riƙe wannan lissafi, za mu dawo gare shi in mun zo kan waya.

Abin da mai ƙafa uku ke yi shi ne ta ba ka lokaci kyauta, ka bar ƙyaure a buɗe sakan biyar ko goma ba tare da rawa ba. Muhammad Sadiƙ Bey, hafsan sojan Masar da ya ɗauki hotunan farko na Madina a 1861, daga baya na Makka a 1880, ba shi da zaɓi sai ita, domin da farantan gilashi yake aiki, ko da rana tsaka sai an kafa an jira. Mu kuma a yau ita ce ba mu da halin kafawa. A cunkoson Balad cikin azumi ƙafar wani za ta ture ta kafin ka gama ɗaure ta. A harabar Harami masu tsaro ba za su bar ka ka kafa ta a hanyar mutane ba, kayan ɗaukar hoto na sana'a sai da izini. Alhajin da ke lissafin kilo a jakarsa saboda dabino da tsaraba kuwa ba zai ɗauko ta daga gida ba. Don haka dole a nemo lokacin a wani wuri.

Masu hoto suna da tsohuwar ƙa'ida game da hannu: kada saurin ƙiftawa ya gaza ɗaya bisa tsawon lensi. Lensi mai milimita 50 yana son 1/50 ko fiye da haka sauri, mai 200 yana son 1/200. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa riƙe doguwar gora ta gindi yana son tsinko mangwaro: hannunka ɗan motsi ya yi, amma kan gorar lilo yake. A ƙananan kyamarorin da yawancinmu ke iya saya, waɗanda farantin haskensu, wato abin da ke tarbar haske a cikin kyamara, bai kai na manya ba, sai ka ninka tsawon lensin da 1.5 in Nikon ce ko Sony ko Fujifilm, da 1.6 in Canon ce. Kuma ƙa'idar tun zamanin fim ce, lokacin da ake wanke hoto a ɗan kati. Yanzu da kowa ke jan hoto da yatsa yana leƙa ƙwayar ido, ni nakan ninka saurin sau biyu in haske ya yarda.

Babban idon waya gajere ne, kusan milimita 24 zuwa 26 a ma'aunin manyan kyamarori, kuma buɗinsa mai faɗi ne, shi ya sa yake da haƙuri da hannu. Ranar da ka danna jawowa ninki uku ko biyar cikin duhu, ka ci tara uku a lokaci ɗaya: rawar ta ninku, ƙofar hasken ta tsuke, farantin da ke bayan wancan idon kuma ya fi ƙanƙanta. Je bakin teku da dare ka ga masu ɗaukar maɓulɓular Sarki Fahad, wadda ke cilla ruwa sama fiye da mita 250. Kusan kowa jawowa yake yi, kuma kusan kowa farin gajimare yake komawa da shi gida. Da dare ƙafarka ce abin jawowa. In ba za ka iya matsawa ba, ɗauka da babban ido ka yanke daga baya.

Jiki kuma ana koya masa tsayuwa, kamar yadda maharbi ke koya. Yawancin mutane suna miƙa waya gaba da hannu ɗaya, gwiwar hannu a iska, sannan su soki fuskar wayar da yatsa. Sukar nan kaɗai ta isa ta ɓata hoto. Ka riƙe da hannu biyu, ka manna gwiwoyin hannunka a haƙarƙari, ka ware ƙafa daidai faɗin kafaɗa, ɗaya ta ɗan yi gaba. Ka ja numfashi, ka sake rabi, ka dakata, sannan ka taɓa a hankali, kada kuma ka sauke hannu sai ka ƙirga biyu bayan ɗaukar. Mai kyamara ya manna ta a goshi ya leƙa ta ramin ido maimakon kallon allon baya, domin goshi ya zama ƙafa ta uku. In akwai igiya a wuya, a tura kyamarar gaba har igiyar ta miƙe tsam. Ginshiƙi, bango, bayan mota, duk abin da ba ya numfashi, jingina da shi. In ka sami dakali ka zauna, ɗora gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa. Na sha ɗora waya a kan jarkar zamzam, na tokare ta da jakar takalmi, na sa mata jinkirin sakan biyu ko uku don ta ɗauka bayan hannuna ya bar ta. Ledar shinkafa ko ta dabino ma takan zauna daram a kan katanga ta rungume kyamara yadda kake so.

Kuma kada ka ɗauki ɗaya. Ɗauki biyar a jere ba tare da ɗaga yatsa ba. Na farko yakan ɗauki girgizar dannawa, na ƙarshe ta sakewa, a tsakiya ake samun mai kyau. Wannan dabara ba ta cin ko riyal ɗaya, kuma ta fi yawancin abin da ake sayarwa amfani.

Injiniyoyi sun daɗe suna yaƙi da rawar hannu. A 1995 Canon ta fitar da lensi mai milimita 75 zuwa 300 wanda wani gilashi a cikinsa ke motsawa kishiyar motsin hannu. A 2003 Minolta ta koma motsa farantin hasken kansa, a 2012 kuma Olympus ta kai abin ga fuskoki biyar na motsi. Wayoyi suka biyo baya, iPhone 6 Plus ta zo da shi a 2014, yau kuma har matsakaitan wayoyi ana samunsa, ana rubuta OIS a kwali. Canon na ce masa IS, Nikon VR, Sony OSS. In ya ba ka mataki uku, ma'anarsa abin da ke buƙatar 1/60 za ka iya riƙe shi a 1/8, domin kowane mataki ninki biyu ne na lokaci. Ga gini, ga hasumiya, ga lungun da ba kowa, wannan babbar ni'ima ce.

Amma hannunka kaɗai yake tsayarwa. Bai san gwaggo ba. A nan ne nake ganin mutane suka fi yin asara, har da waɗanda suka kashe kuɗi mai yawa. Mutumin da ke tafiya a hankali yana cin mita ɗaya da 'yan kai a sakan. A ƙiftawar 1/15 ya matsa kusan santimita takwas, faɗin tafin hannu, fuska ta tafi ke nan. A 1/250 bai fi milimita biyar ba. Wanda ke zaune yana hira yana son 1/125. Yara masu guje-guje a bakin teku suna son 1/500. Ko ka kafa mai ƙafa uku ta ƙarfe, ko ka sayi lensi mafi tsada a kasuwa, waɗannan lambobi ba sa canzawa, domin ba daga wajenka motsin yake ba.

To ina za a samo hasken da zai ba da wannan sauri? Ɗauki misalin kyamarar da aka saya da lensin da ke zuwa a kwali, mai 18 zuwa 55. In ka jawo shi zuwa 55, buɗinsa ya tsuke zuwa f/5.6. A ce a wani lungu, a ISO 800, kyamarar ta nemi 1/8. Ka cire shi ka sa ɗan lensin nan mai milimita 50 da f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a wajen kowane kamfani. Hasken da ke shiga ya ninku kusan sau goma, 1/8 ta koma 1/80. Ka ɗaga ISO daga 800 zuwa 3200, ninki huɗu, ka isa 1/320. Wuri ɗaya, fitila ɗaya, amma yanzu mai tsire na iya juya tsinkensa ka kama shi har da tartsatsin gawayi.

Mutane na tsoron 3200 da 6400 saboda an gaya musu ISO mai yawa na ɓata hoto. Ni a wurina wannan tsoro ya kashe hotuna fiye da duhun kansa. Hoto mai yashi ana ganin ido, ana ganin murmushi, in aka tura shi a waya ma yashin ba ya bayyana. Kuma yana wankuwa: manhajoji irin su Lightroom, wadda ta ƙara sabuwar hanyar share yashi a 2023, suna rage shi ƙwarai, musamman in an ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Fuskar da ta shafe kuwa ta shafe. Abin da wasu manhajoji ke yi da sunan gyara ta shi ne su zana wata fuska da suka ƙaga, kuma wadda za ta fito ba gwaggonka ba ce. Saboda haka in ka bar kyamara ta zaɓa da kanta, ka sani sau da yawa za ta fifita tsabta a kan sauri. Karɓe ragamar. Juya ta zuwa S, ko Tv a Canon, ka kafa saurin da kake so, ka bar ISO ya hau inda zai hau. Yawancin wayoyin Android suna da sashen Pro inda za ka yi haka. A iPhone manhajar asali ba ta ba da wannan dama, sai dai ka taɓa fuskar mutumin ka ja hasken ƙasa kaɗan, wanda sau da yawa ke sa ta gajarta ƙiftawa. Dare ma ai ya kamata ya yi kama da dare.

Akwai kuma dabarar jira. Kowane motsi yana da inda yake tsayawa. Ludayin mai balila yakan dakata a sama kafin ya juye. Mai dariya yakan tsaya cak a ƙarshenta na ɗan lokaci. Wanda ya saba kallon mutane yana ɗauka a 1/60 ya sami abin da wani bai samu a 1/250 ba.

Buɗe lensi sosai yana da nasa farashi. A f/1.8, da lensi mai 50, in mutum yana nesa da kai mita ɗaya da rabi, abin da zai fita tar daga gaba zuwa baya bai kai faɗin tafin hannu ba. In saitin ya faɗa a kunne, ido ya tafi. Ga shi kuma kyamara cikin duhu lalube take, tana neman inda fari ya haɗu da baƙi ta kama. Nuna mata da kanka: ƙwayar ido, ko bakin mayafi inda ya haɗu da goshi. In jama'a ce, jera su sahu ɗaya kamar na salla, ka ja baya, ka ɗan tsuke zuwa f/2.8 ko f/4.

Yanzu ga waya da tsarin darenta. A 2018 Huawei P20 Pro da Pixel na Google suka nuna wa duniya abin, Apple ta biyo da iPhone 11 a 2019, yau kuma Samsung da Tecno da Infinix duk suna da nasu. Mutane na zaton wayar buɗe ƙyaure take yi na sakan uku. Abin da take yi ya fi haka wayo. Gajerun hotuna take ɗauka a jere, a na Google har 15, sannan ta daidaita su a kan juna, ta rage ƙarfin waɗanda suka yi rawa, ta haɗa sauran. Ka tuna lissafin yayyafi: hoto huɗu sun rage yashi da rabi, goma sha shida sun mai da shi rubu'i. Ga gidajen Balad wannan abin mamaki ne. Ga mutum mai motsi kuwa sai a hankali, domin in ya juya a tsakiyar ɗaukar wayar za ta rasa wanda za ta ɗora a kan wane, sai ka ga hannu biyu a kafaɗa ɗaya ko fuska kamar an shafa mata man kaɗanya. In za ka ɗauki mutum da tsarin dare, gaya masa gaskiya: a tsaya cak har sai na ce to. Wayar kuma tana jin nutsuwar hannunka. In ta ji an ajiye ta ba motsi, takan ƙara wa kanta lokaci, iPhone har sakan 30. Ashe jarkar zamzam ɗin nan ba ƙaramin aiki take yi ba.

Duk wannan lissafi na wanda ya yarda da hasken da ya tarar ne. Sau da yawa mafi sauƙi shi ne ka matsar da mutum. Haske na raguwa da nisa fiye da yadda ido ke zato: wanda ke mita biyu daga fitila rubu'in hasken wanda ke mita ɗaya yake samu. Taku biyu zuwa bakin shago mai fitila sun fi ɗaga ISO ninki huɗu. A juyo da fuska wajen fitilar, kada a bar ta a ƙeya. Wannan doka ce kuma ta sa filashar waya ba ta wuce 'yan taku. Masu kunna ta suna nuna hasumiyar agogon Makka, mai tsawon mita 601, ƙeyar na gabansu kawai suke haskawa. In dole sai an ƙara haske, karɓi wayar ɗan'uwa, kunna tocilarta, a rufe ta da farin hankici, a riƙe ta daga gefe sama da kai kaɗan.

Akwai abu biyu da suka keɓanci nan ƙasar, waɗanda baƙo daga gida bai san da su ba. Wutar lantarkin Saudiyya tana juyawa sau 60 a sakan, ta Najeriya da Nijar da Sudan sau 50. Fitilu da yawa, musamman masu araha na kasuwa, suna ƙyaftawa ninki biyu na wannan, wato sau 120 a nan, ido ba ya gani amma kyamara na gani. In ƙiftawarka ta fi su sauri, sai ka ga ratsi-ratsi masu duhu a hoton, ko hotuna biyu a jere ɗaya ya yi kore ɗaya ya yi ja. Maganin a nan shi ne 1/60 ko 1/125, ba 1/50 da 1/100 da aka saba a gida ba. Wanda ya zo da kyamara daga Kano ya shiga saitinta ya mai da 50 zuwa 60, musamman in bidiyo zai yi. Wannan yana karo da abin da na faɗa a baya game da 1/250, kuma karon na gaske ne. A ƙarƙashin irin waɗannan fitilu nakan tsaya a 1/125 in jira motsi ya lafa.

Na biyu laimar Jidda. Ka fito daga ɗaki ko mota mai sanyin na'ura zuwa iskar bakin teku, nan take gilashi ya yi gumi. Mutum ya yi ta ɗauka yana zargin duhu, alhali raɓa ce a kan lensi. Bar kyamarar cikin jakarta a rufe na 'yan mintuna ta saba da zafin waje. Idon waya kuma a goge shi da gefen riga mai laushi kafin kowace ɗauka. Yatsan da ya taɓa tsire in ya taɓa gilashi, kowace fitila sai ta fito da dogon gashi.

Lokacin da na fi so shi ne bayan faɗuwar rana, sa'ad da sama ta yi shuɗi fitilu kuma sun kama. A nan ba ya daɗewa, minti ashirin da 'yan kai ne, kuma rabinsa na sallar magariba ne. Kana sallamewa ka fito, abin da ya rage ya ishe ka hoto biyar masu kyau.

Harami kuwa wani babi ne. Can ba duhu, fitilu da farin marmara sun mai da dare kamar hantsi. Matsalar can motsi ne da fari: masu ɗawafi ba sa tsayawa, fararen tufafin ihirami kuma sukan ƙone a hoto har su rasa ninkinsu, don haka a rage haske kaɗan. Amma ina roƙon 'yan'uwa, wuri ne da mutane suka tara kuɗin shekaru don su zo su yi kuka a gaban Ubangijinsu. Tsayawa a tsakiyar masu ɗawafi ana gyara tsayuwa cutarwa ce, nuna kyamara a fuskar wanda ke addu'a ko matan mutane kuma ya fi muni. Hukuma ma ba ta wasa da wannan: dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ko tarar da ta kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Ɗauki naka a gefe, cikin sauri, ka mai da wayar aljihu.

In hoton ya fita, saura turawa. WhatsApp na matse hoto, kuma na dare ya fi jin jiki, wuraren duhu su koma faci-faci. Danna HD, wanda suka ƙara a 2023, ko ka tura shi a matsayin fayil.

Kwana biyu kafin su tashi na sake kai gwaggo Balad. Muka sami wani mai balila da ya rataya ƙwan fitila babba a kan tukunyarsa, muka saya, muka nemi izininsa. Na ce, "Gwaggo, ɗan matso nan kusa da tukunyar, ki juyo wajen fitilar." Taubashina ya goge idon wayarsa da gefen riga, ya jingina kafaɗa da bango, ya manna gwiwoyin hannu a jiki, ya taɓa fuskarta a allon, ya ja hasken ƙasa kaɗan. Ya ce, "Umma, kada ki motsa." Ta ce, "To, ai na tsaya." Ya ɗauki biyar. A na uku tururin tukunyar ya tashi ta gefenta, zaren bakin mayafinta ana ganinsa ɗaya-ɗaya, inuwar lungun da ke bayanta cike da yashi. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a tura wa Yaya a Kano kafin a yi sahur.